Ranar da Halni Ta Cinye Hanyar Klimek

Baƙin da ke sauka a gidana duk tambayarsu ɗaya ce. Kafin su ajiye jaka za su ce, "Mama Ludwina, gobe yaya garin zai kasance?" In watan Janairu ne sai in ce sanyi. In Yuli ne in ce ruwa. Amma in tsakanin Maris da Afrilu ne, sai in ce su fito da duk abin da suka zo da shi, rigar sanyi da lema da tabarau, domin Zakopane, garinmu na gindin duwatsu, tana iya nuna musu shekara guda cur tsakanin karin kumallo da abincin rana. Wasu su yi dariya, su ɗauka barkwancin tsofaffi ne. Ni kuwa ba na musu da su. Na yi zaman aure da mutumin da ya fi kowa sanin bazarar garin nan, kuma shi ma ta yi masa abin da ta yi masa.

Klimek ke nan, mijina, Allah ya ji ƙansa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da gashin baki da ya fi ƙarfin fuskarsa, da baƙar hula mai jeren wuri wadda sai a coci yake cire ta. Sana'arsa ta ubansa ce, ɗaukar baƙi a keken doki zuwa cikin kwaruruka. Da mutane ba shi da magana, amma da doki har waƙa yake yi. Ranar da ya fara nemana ma ba da ni ya yi magana ba. Ya ɗauko ni da kwandon cukuna zuwa kasuwa, muka yi tafiya mai nisa, can sai na ji ya ce da goɗiyarsa, "Siwka, tambayar mini ita ko an riga ni." Na ce, "Siwka, ce masa in yana da baki ya zo ya ga babana." Duk goɗiyar da ya yi a zamanmu sunanta Siwka, wai don kada ya kira wata da sunan wata ta ji haushi.

Keke biyu gare shi, kamar kowane mai wannan aiki. Akwai na taya, na lokacin da ƙasa ta fito. Akwai kuma na ƙanƙara, wanda ba shi da taya sai dogayen ƙafafu biyu na katako da aka yi wa takalmin ƙarfe, su ke zamewa a kan farar hanya. Na tayan dai keke ne kawai, na neman abinci. Na ƙanƙaran kuwa ubansa ne ya sassaƙa shi da hannunsa, ya zana masa rana da furanni a gefe da gefe, kuma a cikinsa aka ɗauko ni ranar aurena. Klimek yakan shafa masa mai da tsumma kamar mai yi wa jariri wanka. Na sha ce masa da ni yake shafa wa man nan da har yanzu ina yarinya.

Masu keken doki suna da wata al'ada wadda ba a faɗinta da baki, amma kowa ya san ta. Da zarar hunturu ya fara juya baya, sai kowa ya sa wa ɗan'uwansa ido a wurin da suke jerawa, can ƙasan titin kasuwa. Wanda ya riga kowa fitowa da keken taya, sunansa ɗan gangare har shekara ta zagayo, ko ɗansa ya je makaranta sai an tsokane shi. Wanda kuwa ya zama na ƙarshe a kan ƙanƙara, shi ake bar wa gaban layi duk damina, matasa su riƙa gaishe shi tun daga nesa. Tun da Klimek ya karɓi linzami daga hannun ubansa, ba a taɓa ƙwace masa wannan ba. Ya san duk inda ƙanƙara ke laɓewa a inuwa, ya san gefen hanyar da rana ba ta kai wa. Na sha kama shi da sassafe yana kwaso ƙanƙara da shebur daga bayan gida, yana shimfiɗa ta a bakin ƙofa inda ƙasa ta fito, don kawai ya samu hanyar fita.

Mutum ɗaya ne ke biye da shi kowace shekara, wato Sobek, dogo mai baki kamar rediyo. Tare suka yi kiwon tumaki suna yara, shi ne kuma babban abokin ango a bikinmu. Shekara da shekaru Sobek na zuwa na biyu, kuma shekara da shekaru yana rantsuwa baɗi sai ya ga bayan Klimek.

A shekarar da nake ba ku labari, dukansu biyu furfura ta gama cin kansu. Maris ya kusa ƙarewa, kowa ya koma taya, saura su biyu. Ina da baƙi daga birnin Poznan, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Hipolit da matarsa Leokadiya, mai ciwon gwiwa, tana dogara sanda. A garinsu itatuwa sun riga sun yi fure, don haka suka zo mana da 'yan riguna shara-shara, sai da na ara musu namu na fatar tunkiya. Leokadiya ba ta taɓa hawa keken ƙanƙara ba, kuma Klimek ya yi mata alkawarin zai kai ta har ƙarshen kwari ya dawo da ita a cikinsa.

Ranar na tashi da ciwon kai. Kare ya ƙi cin abinci, yana ta zagaye tsakar gida. Na buɗe ƙofa na ji garin ɗumi, irin ɗumin da ba ka yarda da shi. Da na ɗaga kai sai na gan shi. Sama a kanmu shuɗiya tas, amma can a kan duwatsu, daga dutsen Giewont har iyakar ganina, wani farin girgije ya kwanta a kan tsaunuka kamar an jera buhunan auduga. Yana ta tafasa a inda yake, yana zubowa, amma ba ya matsowa ko taki ɗaya. Duwatsun kuma sun matso kusa, har kana iya ƙirga tsagar jikinsu. Na girma ina ganin wannan abu. Halni ce ke zuwa, iskar da ke gangaro mana da zafi daga bayan dutse. Na koma ciki na kashe wutar murhu, kamar yadda kowace mai gidan katako ke yi don gudun gobara.

Na sami Klimek yana ɗaura wa Siwka kaya a gaban keken ƙanƙara.

"Klimek, ka ga abin da ke kan dutse?"

"Ina da ido."

"To fito da na taya mana."

"Sobek ya fito da nasa?"

"Sobek ne zai kwaso gawarka?"

"Ke tsohuwa, iskar nan ba za ta sauko ba sai yamma. Kafin nan mun je mun dawo, har kin dafa mana miyar kabeji."

"Da wace wutar?"

Ya yi kunnen uwar shegu da ni, ya ci gaba da jan igiya. Sai na ɗauko mayafina na hau kusa da shi, domin na san in ba ni a ciki, ba wanda zai ce masa ya juyo.

A ƙasan titin kasuwa Sobek na zaune a kan nasa keken ƙanƙaran, ba fasinja, yana hura hayaƙin lofe. Yana hango mu ya ɗaga murya.

"A'a, ga sarkin ƙanƙara! Ina za ka da bayin Allah a wannan rana? Ko jirgin ruwa ka koma tuƙawa?"

"Ka ci gaba da gadin layi, dogo," in ji Klimek. "In ka ji tsoro ka aika a kawo maka tayoyinka, ba zan faɗa wa kowa ba."

"Ludwina, ki riƙe shi da kyau, iska na son gajeru!"

Hipolit ya yi ta dariya, ya tambaye ni ko faɗa suke yi. Na ce a'a, yallaɓai, gaisuwa ce.

Tafiyar hawa kam ba abin da za a ce. A cikin dajin dogayen itatuwan smrek ƙanƙara na nan da ƙarfinta, keken na tafiya sumul, ƙararrawar wuyan Siwka na kaɗawa, Klimek na yi mata waƙa ƙasa-ƙasa. Leokadiya ta rufe ido ta ce ji take kamar ba a ƙasa take ba. Ko ganye ba ya motsi. Wajen tsakar rana muka fito fili a ƙarshen kwari, inda bukkokin makiyaya suke a rufe tun kaka. Na fito da burodi da cuku da shayi, muka zauna a kan fatu muna ci, farin girgijen nan na tsaye a kanmu kamar zai faɗo.

Ƙarar iskar muka fara ji, can sama, kamar jirgin ƙasa mai kaya yana tahowa. Hipolit ma har ya waiga yana neman layin dogo. Sai ta iso. Zafi ya buge mu a fuska kamar an buɗe bakin tanda, kofin shayi ya tashi daga hannuna, ban sake ganinsa ba. Ta wuce, wuri ya yi tsit. A cikin wannan shirun na ji abin da ban taɓa ji da kunnena haka ba: ƙanƙara tana nishi, tana zama, ruwa na gudu a ƙarƙashinta ta ko'ina. Filin da muka tarar fari fat ya fara yin baƙaƙen tabo a kan idonmu, tabon na faɗi, suna haɗuwa da juna.

"Hipolit, duba!" in ji Leokadiya, tana nuni da sandarta. A gefen bukka, inda ɗazu ƙanƙara ce, ƙananan furanni masu launin shunayya sun bayyana a tsaye, kawunansu a tsuke. Ashe suna nan a ƙasa suna jira. Ta kama kuka tana dariya, ta ce ita kam ta ga ikon Allah yau. Ni ma na gani, amma hankalina na kan hanya.

"Klimek, juya."

Wannan karon bai yi musu ba.

Da farko keken ya tafi a cikin taɓo da ruwa, Siwka na ja da ƙyar. Iska ta zo ta wuce, ta zo ta wuce, kowane zuwa ya fi na baya. Klimek ya sauka yana jan linzami, yana neman ragowar fari a gefen hanya, nan ɗan guntu, can ɗan guntu, yana bi da keken a kai kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu. Ni da Hipolit muka sauka don a rage nauyi. Da muka shiga daji, hanyar da muka hau da safe babu ita. Tsakuwa ce zalla da ruwa na malala a kanta. Ƙarfen ƙafafun keken ya hau dutse ya yi wata ƙara da ta shiga har haƙorana, na ga tartsatsin wuta yana tashi a ƙasa. A kanmu kuwa dogayen itatuwa na sunkuyawa suna miƙewa, ƙasar gindinsu na ɗagawa tana komawa kamar ƙirjin mai barci.

Siwka ta ja, ta tsaya. Ta sake ja, ta tsaya. Kumfa ya rufe mata ƙirji, abin jan da ke wuyanta ya goge fata har jini ya fito. Klimek ya sa kafaɗarsa a bayan keken yana turawa, yana kiranta da duk sunayen daɗin da bai taɓa kirana da su ba. A wani ɗan hawa ƙafafunta na gaba suka lanƙwashe, ta durƙusa a kan tsakuwa.

Akwai bulala a keken, ta ado, wadda tun da nake ban taɓa ganin ta sauka a jikin dabba ba. Na ga ya zaro ta. Na ga ya ɗaga hannu. Idonsa ya yi ja. Ya san in ya bar keken nan a daji ya koma gari da ƙafa, shi ke nan, an gama, kuma ba wai sunansa kaɗai zai bari a nan ba, har da aikin hannun ubansa.

Ban yi masa ihu ba, iska ma ba za ta bari ya ji ba. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Tana kallonka."

Kallonsa kuwa take yi, ta juyo da kai, tana huci. Hannunsa ya daɗe a sama. Sai ya jefar da bulalar cikin ruwa, ya durƙusa ya fara kwance mata igiyoyi. Wadda ta ƙi kwantuwa ya sa wuƙa ya yanke. Da ta miƙe, ya shimfiɗa mata fata a baya, ya juya wajen Leokadiya.

"Uwar ɗakina, kin taɓa hawa doki?"

"Ni? Ko jaki ban taɓa hawa ba, Baba Klimek."

"To yau kin haɗa biyu. Riƙe gashin wuyanta, kada ki saki ko me kika ji."

Shi da Hipolit suka ɗaga ta suka ɗora. Kafin mu tafi ya koma wajen keken, ya ja shi gefe iya ƙarfinsa, ya lulluɓe mazaunin da bargo, ya danne da duwatsu. Ya ce gobe zai zo da keken taya ya ɗauke shi. Ya dafa shi sau ɗaya, muka kama hanya.

Ba mu yi nisa ba, muna fitowa wani ɗan sarari, sai ga iskar da ta fi duka. Ta kayar da ni a kan gwiwoyina. Hipolit ya rungume wani dutse. Klimek ya rataye a wuyan Siwka yana rufe mata ido da hularsa. Na waiga. Gefen dutsen da muka baro gaba ɗaya, itatuwan da kakannin kakanninmu suka tarar a tsaye, na ga sun kwanta jere da jere daga sama zuwa ƙasa, kamar ciyawa a gaban lauje. Ƙarar karyewarsu ba ta yi kama da komai da na sani ba. Ƙanshin ɗanyen itace ya cika wurin. Inda daji yake, sai ga sama a buɗe, shuɗiya, rana na haskawa kamar ba abin da ya faru. Hipolit ya yi alamar gicciye, bakinsa na motsi ba sauti. Ni kam tsoro ya wuce ni, abin da ya rage sai mamaki. Na ji ƙanƙantata a duniya, na ji kuma ban damu ba.

Inda muka bar keken, itatuwa ne a kan itatuwa, sun fi gidanmu tsawo. Klimek ya dube su, ya mayar da hularsa, ya ce, "Mu je, Siwka."

Da la'asar sakaliya muka shigo gari da ƙafa, jiƙe sharkaf, baƙuwa a kan goɗiya. Rufin wasu gidaje ya tashi, wayoyin lantarki na kwance a titi. Dole ta ƙasan titin kasuwa za mu bi. Masu keken doki na fake a jikin bango da dawakansu, duk suka bi mu da ido. Ba wanda ya tambayi ina keken yake. Klimek ya wuce ta gabansu kansa a miƙe, yana riƙe da ragama.

Iskar ta faɗi kafin magariba, kamar an rufe ƙofa. Sanyi ya dawo, na hura wuta. Klimek ya ƙi cin abinci, yana can wajen Siwka yana wanke mata gwiwoyi da ruwan ɗumi.

Washegari hasken da ya shigo ta taga ne ya tashe ni, wani irin fari mai taushi. Na buɗe ƙofa da ƙyar. Ƙanƙara ce har gwiwa, sabuwa, busasshiya, irin wadda duk hunturun ba mu samu kamarta ba. Ta rufe karyayyun rassa, ta rufe taɓo, ta rufe komai. Duwatsu sun koma can nesa inda suke, farare tas, shiru kamar ba su ba. Hipolit da matarsa suka fito cikin rigunan fata suka tsaya baki buɗe. Leokadiya ta ce, "Mama Ludwina, jiya fa na ga furanni." Na ce suna nan, sun koma jira.

Klimek na tsaye a bakin ƙofar gida, hannuwansa a baya, yana kallon hanya. Ba sawun kowa a kanta. Irin hanyar da mai keken ƙanƙara ke mafarkinta ke nan, ga ta har bakin ƙofarsa ba tare da ya ɗauki shebur ba. Zuciyata ta karye masa, har na kasa zuwa kusa da shi.

Can sai ga Sobek ya ɓullo daga kwana a kan kekensa, yana yanka sabuwar ƙanƙarar. Na ce a raina yau za mu sha baki. Ya tsaya daidai ƙofarmu. Ya sauko, ya zagayo, ya miƙa wa Klimek linzami.

"Hau, gajere. Hannuna na ciwo yau."

"Ƙarya kake, dogo."

"To ƙarya nake. Hau ka tuƙa. Wa zai ce ba kai ne na ƙarshe ba? Duk wanda ya ce, ya zo ya same ni."

Klimek ya dubi linzamin, ya dubi hanyar. Na ga yatsunsa sun motsa a bayansa, amma bai fito da su ba.

"Ni zan ce," in ji shi. "Tafi, Sobek, bana taka ce. Ka ɗauki baƙin nan ka zagaya da su, jiya ban cika musu alkawari ba. Ka bi ta gefen rafi, can ƙanƙarar ta fi kwanciya. Kuma kada ka yi ta surutu, ka bar su su ji ta."

Ya taimaka wa Leokadiya ta hau, ya gyara mata fata a kan gwiwa. Ya tsaya yana kallonsu har suka sha kwana. Daga nan ya juya ya shiga wajen Siwka, na ji yana tambayarta yaya ta kwana da ƙafa. Ya yi shekaru bayan haka yana aiki da keken taya, daga narkewar ƙanƙara zuwa saukarta, amma bai sake tuƙi a kan fari ba har ya koma ga Allah.